Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Mu Kai Ƙannenmu Yankari



A wannan fitowar muna so mu yi magana a kan ziyarar buɗe ido. Kusan kullum ga yadda abin yake tafiya a makarantu irin tamu: sai saura mako biyu ko uku a tafi sannan a shigo aji a faɗi kuɗin da kowa zai kawo. Wanda babansa ke da hali ya biya. Wanda babansa ba shi da hali ya sunkuyar da kai, ya ce da ma shi ba ya son zuwa. Ƙannenmu na firamare kuwa ko a lissafi ba a sa su, sai a ce su bari sai sun girma.

Mu a ganinmu wannan tsari bai yi ba. Ana iya zuwa Yankari a kwana ɗaya da kuɗi kaɗan, har a tafi da ƙannenmu 'yan shekara bakwai zuwa goma, matuƙar an fara shiri da wuri. Abin da yake sa tafiyar ta gagari talaka shi ne neman kuɗin a dunƙule cikin gaggawa.

Me ya sa Yankari?

Yankari tana Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. An keɓe dajin a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya zama gandun daji na ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, daga baya a 2006 aka mayar da shi hannun gwamnatin jiha. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karkata a Dindima, a isa ƙofar shiga da ke ƙauyen Mainamaji. Daga ƙofar kuma akwai tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin dajin kafin a kai sansanin Wikki, inda baƙi suke sauka. Duka tafiyar ta ɗan haura kilomita 100. Ke nan in an tashi da sassafe, kafin azahar an isa.

A cikin dajin akwai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da dorina da kada da gadu da bika, ga tsuntsaye fiye da iri 350. Akwai ruwan ɗumi na Wikki da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai kogunan dutse na Marshall guda 59 waɗanda mutanen da suka fafe da hannunsu. A sansanin kuma akwai gidan tarihi inda aka ajiye fatu da ƙasusuwa da hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace daga hannun mafarauta.

Mutane suna tasowa daga Legas da ƙasashen waje don su ga waɗannan abubuwa. Mu da muke kusa, da yawanmu a wayar yayyenmu kawai muka taɓa ganin giwa.

Me ya sa da ƙanana?

Garken giwayen Yankari yana cikin mafiya girma da suka rage a Najeriya, kuma ko shi ɗin ya ragu ƙwarai saboda masu kashe su don haure. Ana shiga dajin da shanu kiwo ba bisa ƙa'ida ba, ana farautar namun daji a ɓoye. A ɗaya ɓangaren kuma giwayen sukan fita su yi ɓarna a gonakin ƙauyukan da ke kewaye, manoma su yi asarar amfanin shekara. Wannan matsala ce babba, kuma mu da ƙannenmu ne za mu gaje ta. Wata rana a cikinmu za a sami ma'aikacin gandun daji, da ɗan majalisa, da manomi, da mai sayen naman daji a kasuwa. Yaron da ya taɓa tsayawa ya ga sawun giwa a ƙasa, ya sa ƙafarsa a ciki ya ga bambanci, da wuya ya girma ya ce ba ruwansa in ta ƙare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma maganar “sai kun girma” ɗin nan. Duk mun san yaran da aka yi firamare tare da su amma ba su zo sakandare ba. Wani yana shagon kawunsa, wata tana talla, wata an kai ta ƙauye. In aka ce sai a sakandare za a kai yaro ya ga ƙasarsa, to akwai waɗanda an riga an cire su daga layi.

Ina kuɗin yake tafiya?

Kuɗin irin wannan tafiya wuri biyar yake shiga: mota, kuɗin shiga, wurin kwana, abinci, da kuɗin zagayen daji tare da ɗan jagora. Kowanne akwai yadda za a rage shi.

Mota ita ce ta fi cin kuɗi, kuma ko kujera ta cika ko ba ta cika ba sai an biya. Saboda haka a fara sanin yawan masu tafiya kafin a nemi mota. Shawararmu ita ce ƙanana 12, 'yan sakandare 12, manya 6. Mutum 30 ke nan, bas biyu masu ɗaukar mutum 18 sun ishe su har da wurin kaya. A tambayi direbobi uku ko huɗu kafin a tsayar da ɗaya, kuma a rubuta a takarda ko man fetur yana cikin cinikin. A cikin iyayenmu akwai direbobin tasha. In ɗansu ko 'yarsu na cikin motar, za su sassauta farashi kuma za su yi tuƙi a hankali.

Kuɗin shiga da na kwana suna canzawa, don haka kada a yi lissafi da abin da wani ya ce ya biya shekara uku da suka wuce. Shugaban makaranta ya rubuta wa hukumar gandun takarda da hatimin makaranta, ya faɗi yawanmu da shekarunmu da ranar da muke so, ya nemi rangwamen ɗalibai, a ba shi amsa a rubuce. A sansanin Wikki akwai ɗakuna masu tsada, akwai kuma masaukin ɗalibai mai sauƙin kuɗi. A cikin takardar a tambaya ko za a yarda mu kafa tanti a cikin sansanin, da inda aka ware don haka. In an yarda, ba sai mun sayi tanti ba, ana iya aro daga 'yan sikawut ko 'yan agaji. Mu dai shawararmu ita ce a raba: manyan maza su kwana a tanti tare da malamai maza, ƙanana da 'yan mata su kwana a ɗaki mai ƙofa tare da malamai mata da iyaye mata. Kowa ya zo da tabarmarsa da bargonsa da gidan sauronsa daga gida.

Abinci kuwa daga gida za mu tafi da shi. Akwai gidan cin abinci a sansanin, amma ciyar da mutum 30 sau uku ko huɗu a can zai cinye asusun gaba ɗaya. Maimakon kuɗi, kowane gida ya kawo abin da yake da shi: wannan mudun shinkafa, wancan wake, wani manja, wata yaji da albasa. Abincin ranar farko a dafa shi a gida da asuba, kamar dambu ko shinkafa da wake, a zuba a kula. Na dare da na safe a dafa a can in hukumar ta yarda, da gawayi ko risho da muka zo da shi, domin ba a saran icce a gandun daji. A aljihun kowane yaro a sa ƙuli-ƙuli da gyaɗa da dabino. Yaro mai jin yunwa ko zaki aka nuna masa kuka zai yi.

Asusun mako-mako

Ga lissafi mai sauƙi. In yaro yana zuba naira 200 duk mako, a mako 30 ya tara naira 6,000. Yara 24 sun tara naira 144,000. Naira 200 a mako abu ne da gidaje da yawa za su iya. Naira 6,000 a rana ɗaya kuwa tana iya zama kuɗin cefanen gida. Daga farkon zango na uku zuwa watan Fabrairu akwai makonnin karatu kusan 30, saboda haka 'yan aji ɗaya da aji biyu na yanzu su ne za su fara zubi. Idan amsar hukumar gandun da ta direbobi ta zo, sai a haɗa jimla, a raba ta da yawan yara da yawan makonni, a ga ko zubin zai tsaya a haka ko za a ɗan ɗaga shi.

Muna roƙon abu uku a kan wannan asusu. Na farko, kuɗin kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Malami ɗaya da malama ɗaya da wakilin iyaye su riƙe shi, kowane yaro yana da katinsa da ake sa hannu duk ranar da ya zuba, kuma duk ƙarshen wata a liƙa jimlar a wannan allon kowa ya gani. Na biyu, a kan kowace naira 10 a ware naira 1 don ko-ta-kwana, saboda taya tana fashewa kuma farashin mai yana tashi ba sallama. Na uku, a bar kujera huɗu don marayu da waɗanda ko naira 200 ɗin ta gagare su. Ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai za su iya ɗaukar nauyinsu, kuma kada a karanta sunayensu a wurin taron safe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaushe za a tafi?

Da rani ake zuwa Yankari in ana son ganin dabbobi. A lokacin ciyawa ta bushe, ana hango nesa, kuma ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su taru a bakin Kogin Gaji don shan ruwa. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, dabbobi su warwatsu, hanyoyin cikin daji su lalace. Watan Maris da Afrilu sun fi kyau wajen ganin dabbobi, amma zafinsu ya yi wa ƙananan yara yawa. Ƙarshen Disamba kuma lokacin hutu ne, wurin yakan cika da baƙi. Shi ya sa muka zaɓi Fabrairu: sanyin hunturu ya fara sauƙi, zafi bai kankama ba. A duba kalanda kada ranar ta faɗo a makon jarrabawa ko cikin azumi.

Kwana ɗaya ya isa. A isa da rana, a ci abinci, a yi salla, a huta. Da yamma a ga gidan tarihi da ruwan Wikki. Washegari da sassafe a fita zagayen daji, domin da sanyin safiya dabbobi suka fi fitowa. Bayan azahar a kamo hanya, a iso gida kafin magariba. Kwana biyu zai ninka kuɗin masauki da abinci, kuma a dare na biyu ne ƙananan yara suke fara kukan gida.

Inda ba a neman araha

Akwai wuraren da rage kuɗi ganganci ne. Ba za a ɗauki mota mai sulɓaɓɓiyar taya don ta fi sauƙi ba. Ba za a ɗora yaro a kan cinyar yaro don a rage kuɗin kujera ba. Ba za a yi tafiyar dare ba. Ba za a rage yawan manya ba: kowane babba yara huɗu ne a hannunsa, ya san sunayensu, ya ƙirga su duk shiga mota da duk fita. Ba za a shiga daji ba tare da jami'in gandun ba, kuma ba mai sauka daga mota sai ya ce a sauka. Ruwan sha a tafi da shi a jarka fiye da yadda ake tsammanin za a sha, tare da akwatin magani mai ɗauke da bandeji da maganin zazzaɓi da garin haɗa ruwan gishiri da sukari. Iyayen yaro mai sikila ko asma su faɗa wa malama tun kafin ranar, su ba da maganinsa.

Ruwan Wikki shi ne ya fi jan hankalin yara, kuma shi ne ya fi bukatar ido. Garai-garai yake har ana ganin yashin ƙasa, sai mutum ya ɗauka ba shi da zurfi, alhali a wani wurin ya kusa mita 2. Ƙanana su tsaya inda ruwan bai wuce gwiwarsu ba, huɗu-huɗu, babba yana tsaye a cikin ruwan tare da su, wani kuma yana bakin gaɓa ba ya yin komai sai kallo. Maza da lokacinsu, mata da nasu.

Sai maganar bika. Bikan sansanin Wikki sun saba da mutane, ba sa jin tsoro. Suna fizge leda daga hannun mutum, suna shiga ɗaki in an bar ƙofa ko taga a buɗe. Kada a bar ƙaramin yaro yana yawo da burodi a hannu. In bika ya ɗauki abu, a bar masa, kada a bi shi, kada a jefe shi, kuma kada a ba shi abinci don a ɗauki hoto. Abinci ya kwana a cikin mota a kulle, ban da cikin tanti. Gadu ma suna kiwo a tsakiyar sansanin kamar awakin gida, amma ba na gida ba ne, a kalle su daga nesa. A cikin dajin akwai ƙudan tsando mai cizo da zafi, kuma yana bin baƙin kaya da shuɗi mai duhu. A sa wa yara kaya masu haske, masu dogon hannu, da takalmi rufaffe.

Aikinmu mu 'yan sakandare

Kowane ɗayanmu za a haɗa shi da ƙarami ɗaya, namiji da namiji, mace da mace. Shi zai riƙe masa gorar ruwa, ya tabbatar ya ci abinci, ya faɗa wa malami in ya ga jikinsa ya yi zafi. Da dare in ƙaramin zai je banɗaki, a tashi babba a raka shi da tocila. Wanda ya yi fitsarin kwance a rufa masa asiri. Kowane ƙaramin yaro a rataya masa kati mai sunansa da lambar wayar malamin da ke kula da shi. Duk ledar da muka shiga da ita mu fito da ita, domin dabba in ta haɗiyi leda tana iya mutuwa.

Kuma tun a gida mu faɗa musu gaskiya: Yankari ba gidan zu ba ce. Dabbobin ba a keji suke ba, giwa tana iya yin nisa a ranar ba a gan ta ba. Mu koya musu neman sawu da kashi da rassan da giwa ta karya, mu ba kowa takarda da fensir ya zana abin da ya gani. Yaron da aka ce masa ya ƙirga irin tsuntsayen da ya gani ba zai dawo yana cewa an cuce shi ba.

Masu cewa a'a

Wasu za su ce hanya ba tsaro. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba mu yara ne za mu yanke ta ba. Mako guda kafin tafiya, da kuma ana gobe za a tafi, shugaban makaranta ya tuntuɓi hukumar gandun da jami'an tsaro. In suka ce a dakata, a dakata. Kuɗin yana nan a asusu, sai a sa wata rana, wanda kuma ya ce a ba shi nasa a ba shi.

Wasu za su ce gara a sayi littattafai da kuɗin. Muna son littattafai. Amma a darasin kimiyya ana koya mana dabbobi masu cin ciyawa da masu cin nama, da yadda ruwa yake fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, mu haddace mu rubuta a jarrabawa mu manta. A Yankari duk ga su a fili. Gani ya kori ji.

Wasu iyayen kuma ba za su so 'yarsu ta kwana a waje ba. Shi ya sa muka ce a cikin manya shida, uku su zama mata, kuma a ciki a sami uwa ko biyu waɗanda iyaye da kansu suka zaɓa. A kira taro a nuna wa iyaye inda za a kwana da wanda zai kwana da wa. Wanda bai gamsu ba ba dole, kuma kada a yi wa 'yarsa gori.

Roƙonmu

Muna roƙon shugaban makarantarmu ya sa wannan magana a taron iyaye da malamai mai zuwa, ya gayyaci shugaban firamare, kuma ya aika wa hukumar gandun takarda a cikin wannan zangon. Muna roƙon malamin kimiyya da malamar nazarin zamantakewa su karɓi riƙon asusun. Mu 'yan kulob mun ɗauki nauyin yanka katin zubi da liƙa lissafi duk wata.

'Yan uwa ɗalibai, a ƙasan wannan rubutun mun liƙa farar takarda. Duk mai son zuwa ya fara tambayar iyayensa, in sun amince ya rubuta sunansa da ajinsa da sunan ƙanin ko ƙanwar da zai riƙe. Ranar Juma'a bayan an tashi za mu cire ta mu kai ofis.

Allah ya ba mu ikon cikawa, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.

Daga wakilin aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida